Yadda za ka haɗa matiris da ekwasiyon diferansiyel ba tare da haddar banza ba

Ƙannena da suka shiga jami'a a Marwa ko Dang ta Ngaundere, ku matso. Ni ma shekarar farko sai da na je ratarafaj, wato maimaita jarabawa, a wannan darasi, kuma abin da ya kada ni shi ne na ɗauki matiris (lambobin da aka jera layi-layi a tebur) daban, ekwasiyon diferansiyel (lissafin da ke haɗa abu da saurin canzawarsa) daban, alhali kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Fara da kofin shayi. Ka zuba shi yana digiri 90, ɗakin kuma 40 irin na watan Afrilu a Marwa. Da farko yana hucewa da sauri, daga baya a hankali, saboda saurin hucewar ya dogara ne kan tazarar da ke tsakanin zafinsa da na ɗakin, wannan ita ce dokar Newton: T' = -k(T - 40), amsarta T = 40 + 50e^(-kt), inda T shi ne zafin shayin, T' saurin canzawarsa, t lokaci, k kuma lamba ce da ba ta canzawa. Sa t = 0 ka ga 90 ta fito, bar t ya yi nisa ka ga ya sauko wajen 40. In wannan ya zauna maka, to ka gane y' = ay da amsarta Ce^(at), kuma wallahi kusan duk abin da za a yi maka a amfi, wato babban ɗakin lacca, kan wannan aka ɗora shi.

To yanzu abu biyu ne suke canzawa kuma kowanne na jan ɗan'uwansa: x' = 2x + y, y' = x + 2y. Nan ne mutane ke rikicewa don ba ka iya warware x ba tare da y ba. Sai ka kwashe lambobin ka jera matiris A, layin sama 2 da 1, na ƙasa 1 da 2. Cire lamda (λ, lambar da muke nema) daga lambobin da ke kan diyagonal, wato 2 ta sama hagu da 2 ta ƙasa dama, ɗauki detarminan (ninkin lambobin diyagonal, a cire ninkin sauran biyun) ka daidaita shi da sifiri, zai ba ka λ² - 4λ + 3 = 0, lissafin delta ne fa na tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ba wani sabon abu ba, lamda 1 da 3. Kafin ka wuce ka duba, jimlarsu dole ta yi daidai da jimlar diyagonal wato 4, in ka ninka su kuma su ba ka detarminan wato 3, wannan ɗan binciken na daƙiƙa goma ya sha cetona a jarabawa.

Kowace lamda tana da bektar nata, wato lambobi biyu da ke nuna wata hanya, na 1 shi ne (1, -1), na 3 kuma (1, 1). Amfaninsu kenan, a kan waɗannan hanyoyi biyu matiris ba ta juya komai, ninkawa kawai take yi, sai matsalar ta rabu gida biyu kowanne ya koma irin na shayin nan. x = ae^t + be^(3t), y = -ae^t + be^(3t), inda a da b lambobi ne da ba sa canzawa. Ɗauki deribe, wato x' da y', ka mayar cikin tambayar ka gani da idonka, kar ka yarda don na faɗa.

Batun karatu kuma, don Allah kar ka je tede, wato ajin warware tambayoyi, da farar takarda kana jiran malam ya warware ka kwafa. Gwada tun daren jiya ko da kuskure ne. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ya tashi gaban allo ya yi bayanin da Hausa ko Fulatanci, inda harshensa ya sarƙe nan ne bai gane ba, Faransancin yakan rufe wa mutum asiri har ranar jarabawa. Sannan a kula, wajen ninka matiris biyu A da B, AB da BA yawanci ba ɗaya ba ne, maki da yawa na zubewa a nan.

In 2 x 2 ta zauna a hannunka ta bik da takarda sai ka hau 3 x 3, bayan nan ka nemi inda delta ta zama ƙasa da sifiri, can ne sinus da kosinus za su shigo.