Masauki a Makka: kafin ka tambayi nisa, tambayi hawa

Ranar da na je biyan kuɗin umara, nawa da na mahaifiyata, tambaya ɗaya na yi wa ejan game da masauki: ya nisansa da Harami? Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan taswira, ya ce, "Alhaji, ga otal, ga Harami. Mita 700 ne, ko minti goma ba za ku yi ba." A kan mitoci bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, wataƙila don shi ma bai taɓa taka wurin da ƙafarsa ba, shi ne kusan rabin tafiyar hawa ne, irin wanda in kana ƙasa sai ka ɗaga kai kafin ka hango ƙofar otal ɗin.

Zuwa Harami ba mu ji komai ba, gangara ce ta kai mu. Dawowar ce ta nuna mana inda muke. Mun gama ɗawafi, mun yi sa'ayi, wanda shi kaɗai ya kai kilomita 3 in ka haɗa tafiya bakwai ɗin nan tsakanin Safa da Marwa, zuwa ɗaya dawowa ɗaya, ga gajiyar jirgi da ta mota daga Jidda. Sau uku Hajiya tana zama a dakalin shagunan mutane, riƙe da silifanta a hannu, tana maida numfashi. A zama na uku ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wai umara ka kawo ni ko hawan Dala?" Na yi dariya a lokacin. Da rana ta uku ta zagayo ta ce ita dai yau a ɗaki za ta yi sallolinta, sai dariyar ta ƙare.

Da yawanmu mun san Makka ne ta hoton Ka'aba da farfajiyar nan mai santsi, shi ya sa muke ɗauka garin shimfiɗe yake. Harami a ƙasan kwari yake, kwarin nan marar shuka da Annabi Ibrahimu (AS) ya ajiye iyalinsa a ciki, duwatsu kuma sun kewaye shi ta ko'ina. Ga Abu Ƙubais a bayan Safa, ga Jabal Umar ta yamma, ga Khandama ta gabas. Duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun nan Harami yake nufa, shi ya sa a 1941 ambaliya ta cika masallacin har aka ɗauki hoton mutum yana ɗawafi da iyo. Yau an gina manyan magudanai, an fasa duwatsu an yi hanyoyin mota a cikinsu, amma tudu yana nan tudu. Taswirar waya daga sama take kallon gari, ba ruwanta da gwiwar tsohuwa.

Akwai wata dabara da wani direba Bahaushe haifaffen can ya koya mini, kuma ban taɓa ganin ta ci amanata ba: saurari sunan unguwar. In ka ji "Jabal", dutse ne. In ka ji "Ri'i", kamar Ri'i Bakhsh, hanya ce da ta hau ta ratsa tsakanin duwatsu. "Shi'ib", kamar Shi'ib Amir, lungu ne a tsakanin tsaunuka, bakinsa kan yi sauƙi, ƙuryarsa ta yi tsayi. Tun da can mutanen garin sun raba shi biyu, Ma'ala ɓangaren sama inda maƙabartar nan take, da Misfala ɓangaren ƙasa. Sunayen ba don ado aka sa su ba.

Misfala ita ce unguwar da na fi tura mutanenmu, musamman mai tafiya da tsoho. Tana kudu da Harami, titin Ibrahim Khalil ya ratsa ta tiryan-tiryan har farfajiyar masallaci, kuma da yake titin ƙasan kwari yake bi, kusan a shimfiɗe yake. In ka fito ba ka bukatar tambayar kowa hanya, bi ayari kawai, zai kai ka wajen Ƙofar Sarki Abdul'aziz ko ta Sarki Fahad. Nan ne kuma za ka fi jin Hausa. Masu shaguna, Larabawa da 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan, sun iya Hausar ciniki, kana wucewa za ka ji "Alhaji, zo, araha, araha." Akwai gidajen abinci masu sauƙin kuɗi, akwai masu canji, akwai kantin magani, kuma in cikinka ya gaji da shinkafa da kaza, tambaya kaɗan za ta kai ka inda ake samun tuwo da miyar kuka.

Sai dai Misfala doguwa ce, kuma nan ake yi wa baƙo wayo. Otal da ke bakin farfajiya Misfala ne, wanda ke can bayan gada, tafiyar rabin awa, shi ma Misfala ne. Sannan kalmar "a kan Ibrahim Khalil" tana da faɗi a bakin masu talla. Otal da yawa adireshinsu na titin ne, amma ƙofarsu tana cikin lungu, lungunan kuwa da ka karya kwana suke fara hawa, don titin ne kawai ke ƙasa, gefe da gefensa dutse ne. Ka tambaya ƙarara: ƙofar shiga tana kallon babban titi, ko sai an shiga ciki? Wani abu kuma, unguwa ce mai hayaniya dare da rana, kuma gine-ginenta da yawa tsofaffi ne, lifta biyu ƙanana ga bene mai hawa goma sha wani abu. Mai son shiru ba nan zai same shi ba.

Ajyad, inda muka fara sauka, tana kudu maso gabas, ta ɓangaren Safa. Kusa take ƙwarai, kuma otal-otal na farkon titin ba su da laifi ko kaɗan. Matsalar tana farawa ne in aka nausa ciki, wajen Ajyad Masafi, Bi'ir Balila da Ri'i Bakhsh. Matashi mai jini a jika zai ji daɗin wurin, ga kusanci ga rangwame, hawan ma motsa jiki ne a wurinsa. Amma mai hawan jini, mai ciwon gwiwa, mace mai juna biyu, ko wanda zai tura keken guragu, ya yi tunani sau biyu. Keken nan ma gangarar ta fi hawan haɗari. Na ga wani bawan Allah yana saukowa da mahaifinsa da baya-da-baya, ya dafe keken da ƙirjinsa don kada ya ƙwace masa.

Mai kuɗi kuwa an riga an fasa masa dutsen. Benen agogo, mai tsayin mita 601, a kan gurbin wani tudu aka gina shi, inda tsohuwar ganuwar Turkawa ta Ajyad take kafin a rushe ta a 2002. Otal-otal na Jabal Umar su ma a jikin dutse suke, amma lifta da matakala mai tafiya da kanta ne ke sauko da kai. A nan hawan ya koma jiran lifta. Bayan sallar Juma'a ko asham sai ka tsaya a layi har ka fara tunanin da ƙafa ka taka. Duk da haka, in aljihu zai ɗauka kuma kana tare da marar lafiya, kwana biyar a nan ya fi kwana goma a inda ba zai iya fita ba.

Jarwal tana arewa maso yamma, ta ɓangaren sabon faɗaɗawar Sarki Abdullahi. Farashinta matsakaici ne, hanyarta ba ta da tsanani sosai, amma ka sani shiga masallaci ta wannan ɓangare ba isa gaban Ka'aba ba ne, akwai sauran tafiya mai tsawo a ciki.

Sai unguwannin bas: Aziziyya, Mahbas Jin, da Kudai. Waɗannan dutse ya raba su da Harami gaba ɗaya, ta hanyoyin cikin dutse ake zuwa, waɗanda suke kira nafaƙ. A nan kuɗin ɗaki ɗaya na kusa da Harami zai iya kama maka ɗakuna biyu ko uku masu faɗi da tsafta, in ba lokacin aikin hajji ba ne. Aziziyya gari ce guda, tana tsakanin Harami da Mina, da manyan kantuna da kasuwar tsaraba, kuma ga mai iyali da yara da zai yi mako biyu ko uku, ni ina ganin ta fi ko'ina hutu. A lokacin hajji kuma darajarta takan tashi saboda kusancinta da wurin jifa.

Abin da za a yi maka talla da shi shi ne "akwai mota kyauta awa 24." To, a tsaya a nan. Motar otal ba ta kai ka ƙofar masallaci, tasha take sauke ka, daga tashar kuma akwai tafiyar ƙafa. Zuwa ba ya wahala, don mutane a warwatse suke fitowa. Komowa ce aiki, domin dubban mutanen da suka zo cikin awa uku, a minti goma suke son komawa da zarar liman ya yi sallama. A goman ƙarshe na azumi, bayan tahajjudi, turereniyar shiga bas ba ta tsoho ba ce. Askarawa kuma sukan rufe titunan kusa da Harami tun kafin a kira salla, saboda haka ko tasi ka ɗauka, ko ta manhajar waya ka kira, inda shingen yake nan za a ajiye ka, kuma bayan salla kuɗin tasi yakan ninka. Akwai bas-bas na gari da suka fara aiki a 2022, waɗanda aka sa wa riyal 4 a ƙarshen 2023, suna da sanyi da tsari, amma su ma tasha suke tsayawa.

Wanda ya sauka a unguwar bas, gara ya sauya tsarin yininsa maimakon ya yi ta kokawa da mota sau goma a rana. Ya zo asuba ya koma bayan hantsi. Ya yi azahar a masallacin unguwa, lokacin da rana take dukan dutse dutse yana maido da zafin, don a bazara garin yana haura digiri 45. Ya dawo kafin la'asar da ruwansa da dabinonsa da 'yar dardumarsa, ya zauna har isha. Ga mai ciwon sukari ko tsohon da ba ya iya riƙe alwala, a nan ma akwai lissafi, domin bayi a waje yake, a farfajiya, ana sauka ƙasa, kuma in ka fita masallaci ya cika, askar zai nuna maka hannu ya ce ka yi gaba.

Nakan ji masu cewa ai in ba a cikin masallacin ka yi salla ba, ladan nan na salla dubu 100 ya wuce ka. Malamai sun yi saɓani a kai. Shaihu Bin Baz yana ganin ninkin ya game duk abin da ke cikin iyakar Harami, Shaihu Usaimin kuma yana ganin na masallacin Ka'aba ne kaɗai. Aziziyya da Misfala da Kudai duk cikin iyaka suke. Ban kawo wannan don in yi fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Na kawo ne don na ga tsofaffi suna jan ƙafa cikin rana tsaka suna haki, suna ganin in suka yi azahar a masallacin ƙofar otal sun yi asarar kuɗin jirgi.

Wani zai ce maka yana da ɗan'uwa a wajen Shari'a Mansur ko Shari'a Sittin, inda Hausawa mazauna can suka daɗe, zai sama maka ɗaki da araha. Zumunci abu ne mai kyau, ka je ka gaishe su, ka ci tuwon gida. Amma wuraren suna da nisa da Harami, gidaje da dama a kan dutse suke, matakala ce ke kai ka, ba titi ba, kuma an rushe sassa da yawa na tsofaffin unguwannin yammacin garin a 'yan shekarun nan. Hukuma ma ta tsananta a kan masaukin da ba shi da lasisi. Araha ba ta ado.

Mahajjaci da ya bi ta hukumar alhazai ba shi yake zaɓar masauki ba, inda aka kama wa jiharsa nan zai sauka. Mai umara ne ke da bakin magana, kuma lokacin maganar shi ne kafin kuɗi ya bar hannunsa. Kada ka karɓi "otal kaza ko makamancinsa", a rubuta maka sunan otal ɗin. In ka samu sunan, sa shi a taswirar waya, zaɓi tafiyar ƙafa, kuma ka juya ta, wato daga Harami zuwa otal, don ita ce tafiyar da za ka yi a gajiye. Wanda ya fi duka, nemi wanda yake can a lokacin, ka roƙe shi ya taka daga farfajiya zuwa ƙofar otal ɗin yana ɗaukar bidiyo ba tare da ya yanke ba. Ko ba ka ga tudun da kyau ba, za ka ji shi a numfashinsa.

Mu dai a rana ta huɗu na bi titin Ibrahim Khalil otal-otal ina tambaya, har na samu ɗaki a wani tsohon gini da ƙofarsa ke kallon titi. Ɗakin bai kai rabin na farko ba, tagarsa bango take kallo, nisansa kuma ya fi na wancan da kusan mita 200. Kuɗin kwanakin da suka rage a na farko ba a maido mini ko riyal ɗaya ba, sai kuɗin tsaraba ne suka tafi a wurin. Washegari ƙarfe huɗu saura na ji ana taɓa ƙafata. Hajiya ce tsaye da hijabinta da carbinta, tana cewa, "Tashi mana, so kake a cika sahun mata ban je ba?"