Yadda za ka hana juya waya yaye labulen sirri a manhajarka

Labulen sirri shi ne shafin da ke rufe manhaja idan mutum ya fita daga cikinta, don kada a hango kuɗinsa a jerin manhajojin da ya buɗe, in ya dawo kuma sai ya sa lambar sirri kafin a yaye shi. Ina sa shi a manhajar adashi da nake rubuta wa 'yan kasuwa a nan Kaduna, inda waya ɗaya kan zaga hannun maigida da yaran shago.

A Android, da zarar an kwantar da waya sai a rushe Activity, wato shafin manhajar da ke kan allo, a sake gina shi ta waɗannan matakai: onPause, onStop, onDestroy, sannan onCreate. Manhajar da ba ta san da haka ba za ta ɗauka an fita ne. Mai shago a Kasuwar Barci ya jingina wayarsa a kwance jikin kwalin sabulu, kawai sai a nemi lambar sirri, ga mai zubi tsaye yana jira. Don haka a onStop ka fara duba isChangingConfigurations(), umarnin da ke faɗa maka ko sauyi irin na juya waya ne ya sa ake rushe shafin. In ta ce gaskiya ne, juyi ne kawai, kada ka kulle.

Ɗaya ɓangaren ya fi haɗari. Manhaja tana kulle, wani yaro ya juya wayar, sabon Activity ya tashi ba labule, ga sunayen masu zubi da kuɗinsu a fili. Ajiye matsayin kullen a ViewModel, ma'ajiyar bayanan shafi wanda juyi ba ya shafe shi, ka shimfiɗa labulen tun a onCreate kafin a zana komai. In tsarin waya ya kashe manhajar, ViewModel ma ya tafi, don haka ta riƙa tashi a kulle.

FLAG_SECURE, wani saitin tsaro na Android, yana ɓoye hoton manhajar a jerin manhajojin da aka buɗe, amma yana hana ɗaukar hoton allo, mutanenmu kuwa da shi suke tura shaidar biya a WhatsApp. Daga Android 13 ni na fi son setRecentsScreenshotEnabled(false), wanda ke ɓoye hoton a jerin ba tare da hana ɗaukar hoton allo ba.

Kada ka ba labulen tsayi da faɗi na dindindin. A Android sa MATCH_PARENT, wato ya cika duk filin da yake ciki. A iPhone ɗaure gefensa huɗu da Auto Layout, tsarin da ke daidaita girman abubuwa a allo, in ba haka ba gefen allo zai fito tsirara a kwance.

Gwada a ƙaramar Tecno ko itel: kulle, juya, fita, sake juyawa, sannan ka dawo.