Kar ka sayi kwalin tabar Kuba tun baka ɗanɗana ba

Jama'a, ga mai son gwada tabar Kuba ɗin nan mai kauri da ake naɗewa da ganye: kara ɗaya tak zaka saya, kuma gajere. Kar ka taɓa kwali.

Ni na tafka wautar. Naji ance Cohiba, wani sanannen samfurin tabar Kuba, ita aka fara yiwa Fidel Castro, shugaban Kuba na lokacin, a 1966, sai na kwashi kwali guda da kuɗi masu ciwo, na kunna ɗaya da yamma ciki ba komai ina zuƙa kamar sigari, ko rabi ban kai ba zufa ta karyo min, jiri, zuciya na tashi, ƙarshe dai kan tabarma na miƙe. Sauran na nan a durowa.

Ganye ne zalla, ƙarfinta ya wuce sigari nesa ba kusa ba. Da kara ɗaya zaka san ko jikinka ya karɓa. Ka ci ka ƙoshi tukuna, ka ajiye shayi mai suga kusa. Hayaƙin a baki ake juyashi a fesar, ba'a kaishi ƙirji (ko a hakan ma tana illa ga baki da maƙogwaro, taba ce dai). Zuƙa ɗaya a minti ta isa, in kayi gaggawa ɗaci zatayi.

Amma fa karan zai iya yi maka ƙarya in ya bushe. Tana son laima kusan kashi 70, iskar hunturu kuwa busar da ita takeyi. Ka ɗan matsa da yatsa, in kaji ƙaras-ƙaras barshi.

In kuma aka miƙo maka Cohiba a kwali mai murfin gilashi, jabu ce.