Yadda na daina faɗuwa a ƙananan odar buga leda

Wallahi na daɗe ina aikin banza ban sani ba. Masu saida turare da atamfa a Sabon Gari da Samaru su zo su ce a buga musu suna da lambar waya a leda guda 50 kawai, ni kuma in musu farashin da nake wa mai guda 500, sai ƙarshen wata in ga babu komai a hannu.

Da na zauna da biro na gano inda matsalar take. Wahalar haɗa sikirin, wato ragar da ake buga zane da ita, ɗaya ce ko leda nawa ne, zanen a kwamfuta, shafa magani, gasa shi a haske, wankewa, kuma kowace kala sikirin ɗinta daban, mai kala 2 aiki biyu kenan.

To yanzu na raba kuɗin gida biyu, kuɗin sikirin daban ana biya sau ɗaya, kuɗin bugu kuma kan kowace leda. Ina ƙara ƴan ledoji na gwaji saboda na farko kan ɓaci kafin fenti ya zauna. Wata Hajiya ta ce yayi tsada, nace Hajiya sikirin ɗinki zan ajiye miki, in kin dawo bugu kawai zaki biya. Ta dawo kuwa.