Yadda Za Ki Kai Kanki Gaban Kocin Jami'a a Wasan Sofbol

Idan kina buga sofbol (wasan ƙwallo da sanda mai kama da besbol) a sakandare a Amurka, kada ki zauna jiran koci ya neme ki.

Da farko ki yi rajista da cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA, hukumar kula da wasannin jami'o'in Amurka. Rukuni na ɗaya, wato matakin jami'o'i mafi girma a NCAA, yana buƙatar darussa 16 na dole da matsakaicin maki (GPA) aƙalla 2.3, don haka tun aji tara ki zauna da mai ba ɗalibai shawara ku duba.

Sai bidiyo, kuma nan ne ya fi son natsuwa. Minti uku ya wadatar. A kafa waya kada ta yi rawa, a ɗauki bugunki ta gefe, a ɗauki jifanki, sannan gudunki na ƙafa 60 zuwa zangon farko, inda ake fara rugawa bayan an bugi ƙwallo. Abin da kika fi ƙwarewa a kai shi za ki sa gaba. Kiɗa kuwa ba shi da amfani.

Sannan ki tura wa kocin imel da kanki, ba mama ko baba ba: sunanki, gurbin da kike bugawa, shekarar kammalawa, maki, da jadawalin wasanninki.

Idan kika ji shiru, kada ki karaya. Doka ta hana kocin rukuni na ɗaya tuntuɓarki kan batun ɗauka sai 1 ga Satumba na aji 11. Ki ci gaba da tura sabon jadawali.