Yadda Ake Shigar da Fim Bikin Baje Kolin Fina-finan Afirka

Duk mai shirya fim da ke fatan ganin aikinsa a babban allon wani bikin baje kolin fina-finan Afirka ya kamata ya san cewa mafi yawan abin da ke sa a ɗauki fim ko a ajiye shi gefe yana faruwa ne tun kafin alƙalan gasa su zauna kallo. Zaɓen bikin da ya dace da fim ɗin, da sanin wanda za a fara tura wa, da ingancin fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, su ne suke buɗe ƙofa ko su rufe ta, kuma duka ukun suna hannun mai fim.

Aikin farko shi ne sanin bukukuwan da halin kowannensu, domin ba abu ɗaya suke nema ba. Mafi shahara a nahiyar shi ne FESPACO, wanda aka fara a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a 1969, ana kuma gudanar da shi sau ɗaya duk shekara biyu, a shekarun da lambarsu mara ce, galibi a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Babbar kyautarsa ita ce Dokin Yennenga na zinariya, wadda Oumarou Ganda na Jamhuriyar Nijar ya fara lashewa a 1972, Newton Aduaka na Najeriya kuma ya ɗauke ta a 2007. Tun daga 2015 ake karɓar fina-finan dijital a babbar gasar, a shekarar ce kuma aka ba 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare damar neman wannan kyauta. Tazarar shekara biyu tana da tasiri ga lissafinka, domin wanda ya kammala fim jim kaɗan bayan an rufe karɓa zai yi doguwar jira. Bikin Carthage na Tunisiya ya girmi FESPACO, tun da a 1966 aka kafa shi, kuma yana haɗa fina-finan Afirka da na ƙasashen Larabawa. Akwai na Durban a Afirka ta Kudu da aka fara a 1979, da na Zanzibar, da na Luxor a Masar, da AFRIFF wanda Chioma Ude ta kafa a 2010, aka fara shi a Fatakwal kafin ya zauna a Legas.

A wajen nahiyar kuma akwai bukukuwan da aka gina domin haɗa fina-finan Afirka da na jikokinta da ke warwatse a duniya. Pan African Film Festival na Los Angeles ya fara a 1992, bikin fina-finan Afirka na New York da Mahen Bonetti ta kafa ya biyo baya a 1993, sannan Film Africa na birnin Landan ya zo a 2011. 'Yan kallo a waɗannan wurare sukan kasance haɗin gambiza, wasu an haife su a Afirka, wasu kuma ba su taɓa taka ƙasarta ba, don haka fim ɗin da ke magana kan hijira, ko komawa gida, ko saɓanin iyaye da 'ya'yan da suka tashi a wata ƙasa, yakan samu karɓuwa ta musamman. Hanya mafi sauƙi ta gane halin biki ita ce duba jerin fina-finan da ya haska a shekarun baya. Idan ba ka ga ko ɗaya mai kama da naka ba ta fuskar tsawo ko salo ko jigo, to ka riƙe kuɗin rajistarka.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne cutar da sababbin masu shirya fim, shi ne batun haskawar farko. Manyan bukukuwa da yawa suna son a ce a wurinsu aka fara nuna fim a duniya, ko a nahiyar, ko aƙalla a ƙasar da ake bikin, kuma wannan daraja sau ɗaya ake kashe ta. Wanda ya ɗora cikakken fim ɗinsa a YouTube domin ya ga ra'ayin jama'a, ko ya bari wani ƙaramin biki ya haska shi saboda ɗokin samun lambar yabo, zai iya rasa damar shiga gasar da ta fi dacewa da shi. Saboda haka a tsara kalanda tun kafin a gama tace fim. A fara da bikin da aka fi buri, a jira amsarsa, sannan a gangaro zuwa na biyu da na uku. Haƙurin wannan jira yana da wuya, musamman idan waɗanda suka zuba kuɗi sun fara tambayar ribarsu, amma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido a wannan fage.

Ana tura fina-finai zuwa bukukuwa da dama ta shafin FilmFreeway, wasu kuma suna da fom nasu a shafinsu na intanet. Ko ta ina za a bi, a karanta ƙa'idoji layi bayan layi, a duba shekarar da ake so a ce an kammala fim, da ƙasar da ake so darakta ya fito, da tsawon da ake kira gajeren fim. Da yawa suna bin ma'aunin minti 40 zuwa ƙasa a matsayin gajere, amma akwai masu rage shi. Inda ake biyan kuɗin rajista, yakan fi araha a farkon buɗe karɓa, ya yi tsada idan wa'adi ya ƙarato, kuma ba laifi ba ne a rubuta gajeruwar wasiƙa cikin ladabi a nemi a yafe kuɗin, a faɗi dalili a fili.

A kan fassara ya kamata a fi daɗewa. Fim ɗin da aka yi da Hausa ko Wolof ko Suwahili ko Amharik, mai tantancewa ba ya jin abin da 'yan wasa ke faɗa, abin da aka rubuta a ƙasan allo kawai yake karantawa, don haka a wurinsa wannan rubutu shi ne tattaunawar fim ɗin gaba ɗaya. Idan fassarar ta cika da kurakurai, ko ta bayyana bayan mai magana ya rufe baki, zai ɗauka marubucin ne bai iya ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada rubutu ya wuce layi biyu a lokaci guda, kowane layi kuma ya tsaya a wajen haruffa 40, ya daɗe a allo gwargwadon yadda mutum zai karanta shi ba tare da ya rasa fuskar ɗan wasa ba. A ɗauki misalin uwa da ta yi wa ɗanta faɗa da karin magana. Idan aka fassara kalma da kalma, ɗan kallo a Tunis ko New York zai ga magana kan tukunya ko akuya, bai san zafin da ke ciki ba, alhali abin da ake so ya isa gare shi shi ne zafin. Wajibi ne mai fassara ya nemo jimlar da ke ɗauke da wannan nauyi a harshen da yake fassarawa zuwa gare shi, sannan a ba wani wanda bai san labarin ba ya kalli fim ɗin ba tare da sauti ba, ya faɗi abin da ya fahimta. Ingilishi ya wadatar a wurare da yawa, amma wanda ke hararar Wagadugu ya tanadi fassarar Faransanci, domin da ita yawancin 'yan kallon can suke karatu. A ajiye kowace fassara a fayil nata daban, a kuma riƙe kwafin fim marar rubutu a jikinsa.

Sauti ma yana ba mutane kunya fiye da hoto. Masu tantancewa suna yafe hoton da bai kai ba idan labari ya kama su, amma ba sa jure maganar da iska ko ƙarar janareta ta cinye, kuma lahanin da bai fito a lasifikar kwamfuta ba, to zai fito ƙarara a ɗakin silima. Haka nan duk waƙa ko kiɗan da ke cikin fim sai an mallaki izininsa a rubuce, domin fom ɗin da za ka sa wa hannu yana ɗora maka alhakin haƙƙin mallaka.

Sauran kayan rakiya ba su da wahala: taƙaitaccen labari na layi biyu ko uku da wani mai ɗan tsawo, tarihin darakta, hotuna masu kyau da aka ɗauko daga cikin fim, fosta, da gajeren talla. Kwafin da za a tura wa masu tantancewa a kulle shi da kalmar sirri, a kuma tabbatar bai mutu ba har sai an sanar da sakamako.

Idan amsa ta zo da albishir, bikin zai nemi kwafin haskawa, wanda a manyan ɗakunan silima ake kira DCP. A gwada shi a silima ta gaske kafin a aika, a duba launi da ƙarfin sauti da daidaituwar fassara. A tambayi masu bikin a rubuce ko suna ɗaukar nauyin tikitin jirgi da masauki, ko suna biyan kuɗin haskawa, a kuma nemi takardar gayyata da wuri, domin neman bizar Amurka ko Ingila na iya cin lokacin da ya wuce wanda ya rage kafin bikin.

A wurin bikin, haskawar fim ɗinka rabin aiki ce. FESPACO yana da kasuwar fina-finai mai suna MICA, Durban kuma yana da Durban FilmMart tun 2010, kuma a irin waɗannan wurare ne masu rarraba fina-finai da wakilan gidajen talabijin da masu zuba jari suke zama. A je da bayanin fim na gaba a rubuce cikin shafi ɗaya, a iya faɗinsa da baki cikin minti biyu. Duk wanda ya nemi haƙƙin rarraba fim ɗinka, ka nemi ya rubuta ƙasashen da yarjejeniyar ta shafa, da adadin shekarunta, da kason da zai ɗauka, kuma kada ka sa hannu sai lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka ya karanta ta.