Yadda za ka hana takinka bin Gulbi

Gonata tana fadamar Gulbin Maradi, wajen Tibiri. Shekarun baya ina watsa taki a sarari, ruwan Agusta ya zo ya share rabi.

Ina yake zuwa? Gulbi ya ratsa Gidan Rumji, ya koma Najeriya, ya faɗa kogin Rima, daga nan sai Kwara, har tekun Atlantika. Sinadaran taki, naitirojin da fosforas, suna ciyar da gansakuka. In ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka takin gonakin Amurka ke yi a bakin kogin Misisipi.

Ga yadda nake yi yanzu. Takin zamani mai lamba 15-15-15 a buhu, ɗan tsunkulen yatsu uku nake sawa cikin ramin shuka, kamar giram 6, in rufe da ƙasa. Takin ure (yuriya) kuwa, jira sai ƙasa ta jiƙe, ka raba shi sau biyu. In ka ga hadari ya haɗo, ajiye buhun, malam.

Bakin gulbi kada ka nome shi ƙarƙaf. Bar gamba ta tsaya, ita ke tare laka. Tarin takin dabbobi ma nesa da hanyar ruwa.